Amalanke a Gangarar Jakara

Na ji abin da kuke faɗa ɗazu a bakin zaure, kuna zaton barci nake yi. Wai turin amalanke ba sana'a ba ce, aikin wanda ya ci ya ƙoshi ne, kowane ƙato zai iya. To, ku matso kusa. Ni Hamisu na Jakara a tsakanin hannuwan amalanke na yi ƙuruciyata, a nan kuma furfura ta same ni. Ƙattin da na ga sun shigo sana'ar nan da ƙirji sun fita da sanda sun fi ku yawa.

Kayan farko da aka bar ni na jera da kaina buhunan kanwa ne, za a kai su unguwar Koki daga kasuwar Kurmi. Lokacin ina sabon shiga a hannun Baba Ɗanjummai, shi ne babba a tasharmu ta 'yan amalanke, wani siririn tsoho wanda idan ka gan shi ba za ka ce zai iya ɗaga tulu ba. Na tara buhunan can gaba kusa da hannuwa, don ina tsoron kada su zube ta baya. Yana zaune yana cin goro, sai da na gama sannan ya ce in ɗaga. Na kama na yunƙura, na ji kamar ƙasar Kano ce gaba ɗaya nake son ɗagawa. Ya ce in sauke in mayar da su baya. Na mayar. Ina taɓa hannuwan sai suka yi sama da ni, ƙafafuna suna reto, masu kanwa suna ta dariya. A nan ne ya tashi ya jera su a kan tayoyi, rabi gaba kaɗan rabi baya kaɗan, ya sa yatsu biyu ya ɗaga. Ya ce mini amalanke sikeli ce, tayoyin nan su ne tsakiyarta, duk abin da ka ajiye nesa da su nauyinsa ninkuwa yake yi a hannunka. Ban ƙara buƙatar a maimaita mini ba.

Ita kanta amalanken ba wani abin kallo ba ce. Katako ne a kan ƙarfe, tayoyin mota biyu, dogayen hannuwa biyu a gaba. A wutsiyarta muna ɗaure yankin tsohuwar taya, wannan shi ne birkinmu. Idan mai gaba ya ɗaga hannuwa sama, wutsiya ta sauka, robar ta ciji ƙasa, amalanke ta rage gudu. Sai weji, guntun itace mai tsini da ake cusawa ƙarƙashin taya idan an tsaya a hawa, sai igiya, sai gwangwanin giris. Shi ke nan kayan aikin. Amma Baba bai taɓa yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kullum da safe sai ya bi igiya da yatsa tun daga kai har gindi yana neman inda ta fara ci. Robar birki kuwa, ya ce ta ranar rani daban, ta ranar da aka yi yayyafi daban, don ƙasar da ta jiƙe ba ta riƙe roba, sai dai su gaisa su wuce. Idan wani ya ari amalankensa ya dawo da ita ya ce lafiya lau take, a ranar ne yake kwanciya ƙarƙashinta ya duba.

Mutum uku ne ke tafiyar da kaya mai nauyi, ɗaya a gaba yana riƙe da hannuwa yana zaɓen hanya, biyu a baya. Ku kuna ganin turawa ce aikin. Turawa ta fari ce kawai ke cin ƙarfi, lokacin da kayan ke zaune ba ya son tashi. Da zarar taya ta juya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya yaro ma zai iya bi da ita. Wahalar tana wajen tsayawa, domin kayan da ya ƙi tashi ɗazu, yanzu kuma ya ƙi tsayawa, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon taurin kansa. Kwanaki jikata Rabi, wadda ke ƙaramar sakandare, tana bitar littafinta na kimiyya a tsakar gida, na ji tana karanta cewa abin da ke tsaye ba ya motsi sai an motsa shi, abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Na ce ta gaishe mini da malaminsu, ya koya musu gaskiya. Mu da ƙafafunmu da haƙarƙarinmu muka biya kuɗin wannan darasin.

Akwai wani injin niƙa da muka taɓa kaiwa unguwar Mandawari. Mai shi ya zo tasha ya ce ɗan kaya ne, mutum biyu ma sun isa. Wannan kalmar, ɗan kaya, ku ji tsoronta. Ban taɓa jin mai kaya ya ce kayansa da nauyi ba. Muka je muka tarar da ƙarfe kamar ɗan maraƙi, ga lungun gidan amalanke ba ta shiga. Baba ya sa aka nemo guntayen bututun ƙarfe da katako biyu. Muka cusa doguwar sandar ƙarfe ƙarƙashin injin, muka sa dutse kusa da bakinta, mutum ɗaya ya danna can ƙarshen sandar, injin ya ɗaga kai kamar an kira sunansa. Muka zura bututun, muka riƙa mirgina shi, wanda ya fita ta baya a dawo da shi gaba, har tsakar gida. Mai injin yana tsaye yana cewa ai daman ya faɗa mana ba wuya. Haka masu kaya suke. Wata za ta ce kwanuka ne a cikin akwati, ashe har da madubin amarya. Wani zai ce hanya lafiya, ya manta bai faɗa maka an haƙa kwata a tsakiya ba. Ba duka ne maƙaryata ba, amma ba su ne za su shiga tsakanin hannuwa ba, don haka kunnenka ya ji nasu, hannunka kuma ya gwada da kansa.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda soja suka fara mayar wa farar hula mulki. Siyasa ta dawo gari bayan an daɗe ba a yi ta ba, mutane suka faɗa mata kamar masu buɗa baki. Tasharmu ta rabu biyu. Mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka koma kowa da inuwarsa. Ni ban da baki a ciki, amma yayana Lawan wakilin jam'iyya ne a unguwarmu, kowa ya san shi. Mai gabanmu kuwa a lokacin, Garba Dogo, na ɗaya jam'iyyar ne, kuma Allah ya ba shi murya. Yana jan amalanke yana rera habaici. Ana saura 'yan kwanaki abin da zan ba ku labari ya faru, ya tsaya a bakin kasuwa ya yi wa Lawan waƙa har da sunan mahaifinmu a ciki. Na ji, na haɗiye, domin Baba ya riga ya tsufa ya daina fita, Garba ne ya fi kowa sanin hanya, kuma da shi nake ci.

Aikin ranar na Alhaji Mukhtar ne, wani attajiri da kakanninsa suka zo daga Turabulus suka zauna a birni, mutum mai sanyin magana. Duro huɗu ne na man gyaɗa za a ɗauko daga sitonsa a kai wa masu saye a ƙetaren kwarin Jakara. Mun isa ana kiran azahar, sai mai tsaron siton, wani Tanko, ya ce mu je mu yi salla, zai sa leburorinsa su ɗora mana. Da muka dawo muka tarar an kwantar da su a kan amalanke, jeri mai kyau, a kan tayoyi daidai. Ni na ɗaure igiya. Da muka tashi Garba har ya yi raha, ya ce yau kayan Alhaji sun yi mana ladabi. Ni da wani Ilu muna baya.

Kun san gangarar da ke sauka kwarin. Ba ta da tsayi, amma a lokacin ba kwalta, kuma akwai bakin lungu a tsakiyarta. Mun saba da ita. Idan an fara sauka na baya ba sa turawa, igiyar wutsiya suke kamawa su jingina baya, su zama nauyi. Haka muka yi. Muna tsakiyar gangarar sai ga mai babur ya fito daga lungun nan bai duba ba. Garba ya ɗaga hannuwa da ƙarfi, roba ta ciji ƙasa, ni da Ilu muka kafe dugadugai. Amalanke ta tsaya. Ina faɗa muku ta tsaya cak, har mai babur ya wuce. Sannan sai ta yi tsalle gaba kamar an hankaɗa ta, igiyar ta fizge ni na faɗi a kan gwiwa. Garba ya riga ya saki jiki, hannuwan suka buge shi ƙasa, duron gaba ya zame daga ɗauri ya sauka a kan ƙaurinsa, ya gangara ya daki bakin kwalbati ya fashe.

A gidan mai ɗori, ana riƙe da shi ana jan ƙafar, abin da yake ta maimaitawa ke nan: "Na tsayar da ita. Wallahi ta tsaya. Daga baya aka turo."

Kafin la'asar magana ta gama zaga Jakara. Mutum biyu ne a baya, ɗaya ƙanen Lawan ne wanda aka zagi ubansa a kasuwa, kuma shi ya ɗaure igiya. Ba sai an yi dogon lissafi ba. Aka tambayi Ilu, ya ce shi dai ya san yana ja baya, amma bai ga hannuna ba. Bai yi ƙarya ba, don nima ban ga nasa ba. Kuma gaskiya ni ma na zauna ina auna shi, ina tuna ko akwai wata ƙullalliya tsakaninsa da Garba, domin na san ban tura ba, kuma na san turin ya faru, a jikina na ji shi. Ilu ya daina haɗa ido da ni, ni ma na daina haɗa ido da shi.

Daga ranar babu mai gaban da ya yarda in tsaya a bayansa. Abin bai tsaya a kaina ba. Tasha gaba ɗaya ta lalace, kowa sai ya tambayi jam'iyyar mutum kafin ya ba shi baya. Amalanke ta riƙa fita da mutum biyu inda ake buƙatar uku, aiki ya ragu, masu kaya suka koma wata tasha. Ni na koma dako da gammo a Kurmi, ina ɗaukar abin da kai zai iya. Su Lawan suka ce in bar su su rama mini, wai sharri ne aka shirya don a ɓata gidanmu. Na roƙe shi ya fita daga maganar, don duk inda ya buɗe baki ƙara mini laifi yake yi. 'Yan'uwan Garba kuwa suka kai ƙara wurin mai unguwa, ƙanensa Sabo yana cewa ko a bi musu haƙƙi ko su bi da kansu. Matata ta daina zuwa rijiyar unguwa, sai ta aika.

Baba Ɗanjummai bai ce ya yarda da ni ba. Da na je gaishe shi ya sa na ba shi labarin tun daga sito, ya tsayar da ni a wurin sallar azahar, ya tambayi wanda ya ɗora kayan. Ya sake tambaya ko na girgiza duron kafin in ɗaure. Na ce a kwance na same su, igiya kawai na sa. Ashe tun washegarin abin ya dogara sandarsa ya je bakin kwalbatin nan ya duba inda man ya zube. Ya ce shi a rayuwarsa ya taɓa ganin cikakken duro ya fashe, man ya malale har mata suna kwasa da ƙoƙo. Wannan kuwa tabon da ya bari ko tabarma biyu bai kai ba.

Ranar da mai unguwa ya tara mu, Baba ya ce, ranka ya daɗe, kafin a rantsar da kowa a ba ni aron duro biyu da ruwa. Aka fita gangarar gaba ɗaya, har da Garba, an ɗauko shi an zaunar a tabarma a gindin katanga, ƙafar a ɗaure da karare. Baba ya sa aka cika duro ɗaya taf aka toshe, ɗayan kuma aka zuba masa rabi. Ya ce Sabo ne zai riƙe gaba, tunda shi ne ba zai yi mini alfarma ba, kuma kada kowa ya tsaya a baya, kowa ya ja gefe inda za a ga hannunsa.

Aka fara da cikakken. Sabo ya gangaro, Baba ya daka masa tsawa ya tsaya, ya ɗaga hannuwa, amalanke ta tsaya ta zauna. Aka sauke aka ɗora mai rabi. Ya sake gangarowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Amalanke ta tsaya, sai kuma ta zabura ta buge shi a ƙugu har ya yi taku biyu. Sabo ya juya a fusace yana neman wanda ya tura shi. Babu kowa a bayansa sai hanya. Ana jin ruwan yana ta kai da kawowa a cikin duron.

Baba ya yi bayani a taƙaice. Ya ce cikakken duro kamar dutse yake, idan ka tsayar da ƙarfen ka tsayar da abin da ke ciki. Mai rabi kuwa, ka tsayar da ƙarfen ne kawai, man bai san an tsaya ba, yana nan yana tafiyarsa sai ya daki bangon gaba. Wannan duro ɗaya ke nan na ruwa, ranar kuwa huɗu ne.

Mai unguwa ya ce to, Alhamdu lillahi, babu hannun mutum. Amma kafin a watse sai na ji ana raɗa, ana tambayar yadda aka yi duro huɗun da aka sayar a matsayin cikakku suka zama rabi. Zargin bai mutu ba, gida ya sauya. Aka aika aka duba sauran ukun a wurin masu saye, suka ce ai su ma sun yi ƙorafi tun ranar. Alhaji Mukhtar bai yi hayaniya ba, ya ɗauki nauyin jinyar Garba, ya kuma sallami Tanko. Tanko ya rantse a gaban mutane cewa haka aka kawo su daga wurin matsar man, shi bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya kwashe iyalinsa ya bar birni. Har yau ban san gaskiyarsa ba. Nakan tuna yadda ya matsa mu tafi salla, in ce lallai akwai abin da ba ya so mu ji a hannunmu. Nakan kuma tuna cewa ni ma an taɓa haɗa hujjoji a kaina suka zauna daram, alhali ban yi ba.

Garba kuwa, da aka tambaye shi a wurin ko ya gamsu, cewa ya yi ruwa daban, man gyaɗa daban, kuma ranar da abin ya same shi akwai mutum biyu a baya.

Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, bai sake shiga tsakanin hannuwa ba. Ya kafa rumfar faci a bakin tasha. Ni na koma aiki, a hankali aka fara ba ni baya, daga baya ma na zama mai gaba. Tasha ta ɗauki sabuwar doka ba tare da an zauna an yanke ba: ba a ɗaure duro sai mai gaba ya ƙwanƙwasa shi daga sama har ƙasa ya ji inda sautin ya sauya, kuma abin da ba ka ɗora da hannunka ba, ka sauke ka sake ɗorawa. Tayata kuwa a wurin Garba nake kai ta, don babu wani mai faci kusa. Mukan gaisa. Ya tambayi iyali, in tambayi ƙafa. Bai taɓa yi mini aikin banza ba, ni kuma duk facin da ya yi sai na tofa yawu na duba ko yana fitar da iska, yana kallona ina yi.

Da zaɓe na gaba ya matso, ina rumfarsa wata rana da hantsi ana duba mini taya, sai ga mutanen jam'iyyarsu su uku da manyan riguna. Ba su san ni ba. Suka ce za a yi babban taro a filin unguwa, suna so a hau da shi kan dandamali ya ɗage wando ya nuna wa jama'a abin da 'yan adawa suka yi masa, ya kuma kama suna. Suka ce za a kula da shi. Ni ina tsugune, bututun famfo a hannuna. Na san idan ya hau dandamalin nan, a yadda gari ya yi zafi, gidanmu ba zai kwana da rufi ba.

Garba ya ci gaba da goga robar da ke hannunsa har sai da suka gama. Sannan ya ce wa babbansu, "Alhaji, man gyaɗa ne ya karya ni. Idan kuna da ƙara a kan man gyaɗa, ku zo mu je."

Suka yi ta lallashi, ya ce yana da aiki. Da suka tafi na miƙe, na fara cewa Allah ya saka, sai ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka gode mini, Hamisu. Ƙafata ce ba zan ba su su yi talla da ita ba. Amma har gobe idan na tuna turin nan, hannun mutum nake ji a bayana."

Na ce masa na sani.

Ya mayar da tayar, ya ɗaure, ya buga ta da tafin hannu. Ya ce ta hagun ma ta kusa, kada in yarda in sauka Jakara da ita da kaya. Na duba, gaskiyarsa ne. Na kwance ta na miƙa masa.